Kofunan da Malama Ta Kife

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da "Malama ta yi haƙuri, aure ɗan haƙuri ne," na karanta duka. Shekara tara ke nan tana haƙurin, ba wanda ya miƙa mata ko ruwa. Ga shafin yau.

*

Ɗakin da ke bayan coci ƙarami ne, tebur ɗaya da famfo da kabad, sai taga da ba ta buɗuwa sosai. Nan Malama take shirya kofunan Jibin Ubangiji, burodi da ruwan inabin da ake raba wa masu bi, duk Asabar ɗin ƙarshen wata, yau shekara shida. Ta wanke, ta goge, ta jera su a farantai masu ramuka, gwargwadon sunayen da ke cikin littafin masu cin jibi. Da safe sai zuba ruwan inabi kawai.

Yau daga makaranta ta wuto, ta gama duba takardun jarrabawa, jan biro bai fita daga yatsunta ba. Mama Fasto, matar faston cocin, na zaune a kan kujerar roba, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, tana goge kofunan da farin tawul.

"Ɗari da arba'in da biyu muke sawa, ko?"

"E, Mama."

"To gobe ki rage ɗaya."

"Na Tela."

"Na Tela," Mama Fasto ta sauke numfashi. "Allah sarki. Yarinyar da ta ɗinke wa mawaƙanmu riguna kyauta."

Malama ta zare kofi ɗaya daga faranti, ta kife shi a kan tawul.

Ranar Talata dattawan ikilisiya suka zauna. Mijin Tela shekara ɗaya da rabi yana aiki a wata ƙasa bai leƙo gida ba, ga ciki wata biyar ya fito. Gobe bayan wa'azi za a kira ta ta tsaya gaban jama'a, a sanar an sa ta a horo saboda zina. Wata shida a bencin baya. Ba jibi, ba waƙa, ba taron mata, sai ranar da dattawa suka gamsu ta tuba.

"Bencin nan ma ƙafarsa ɗaya ta gaza," in ji Mama Fasto. "Na ce wa Fasto a gyara, mai ciki ce za ta zauna. Ya ce in bar shi da abin da ya ishe shi. Na ce to zunubi ta yi, ba hukuncin karaya aka yanke mata ba."

"Namijin fa, Mama?"

"Wai baƙo ne, ya wuce abinsa. Haka ta faɗa wa baffan mijinki, shi ya karɓi bayaninta. Baƙo kuwa ba ya cikin littafinmu, ina za mu gan shi?"

Ta bayan bango muryar mawaƙa ta taso, suna gwajin waƙar gobe. A samansu duka akwai murya ɗaya mai zaƙi tana jan baiti, tana tsayar da su, tana sake ja. Muryar mijinta ce, shugaban mawaƙa, wanda duk ikilisiya ke kira Mai Waƙa.

Malama ta ci gaba da jera kofuna.

Ranar Laraba Tela ta same ta a makaranta lokacin hutun tara, ta tsaya a bayan ofishin malamai tana murza bakin gyalenta. Ba ta yi kuka ba, hawayen sun ƙare. Ta ce, "Malama, ba baƙo ba ne. Baffanku ne ya ce in ce baƙo ne. Na kasa barci, na ce gara ki ji daga bakina." Malama ta koma aji ta koyar da darasi biyu. Da ta isa gida ta tambayi mijinta, ya durƙusa a tsakar ɗaki ya ce Shaiɗan ne.

"Bari in je in duba burodin nan," Mama Fasto ta miƙe da ƙyar. "Ke lafiyarki kuwa? Idonki ya faɗa."

"Jarrabawa ce, Mama."

"Ku malamai, yara su rubuta shirme, ku ku rame."

Ta fita tana jan silifa.

Ba a daɗe ba waƙar ta tsaya. Malama ta ji takun mutum biyu, ɗaya da sanda. Ba ta juyo ba.

"Sannu da aiki, 'yata."

"Sannu, Baffa. Ina wuni?"

Baffa shi ne babban dattijon ikilisiya, ƙanen mahaifin mijinta, shi ya riƙe shi tun yana maraya. Ya zauna a kujerar da Mama Fasto ta bari, ya jingina sandarsa. Mai Waƙa ya tura ƙofa ya tsaya a jikinta, takardun waƙa a naɗe a hannunsa.

"Ya 'yan biyu?"

"Lafiya, Baffa. Suna wurin mamata."

"Tun yaushe?"

"Tun Laraba."

Baffa ya gyaɗa kai, ya dubi kofin da ke kife.

"Ɗanki ya faɗa min kin ji magana."

"Ɗanka, Baffa. Ni 'ya'yana biyu ne, mata."

"Maman 'Yan Biyu," in ji Mai Waƙa a hankali, "Baffa ne fa."

"Na gan shi."

Baffa bai nuna ya ji haushi ba. Ya gaji shi ma, fuskarsa ta nuna.

"Ba na zo in ce bai yi laifi ba. Ya yi. Na zage shi zagin da ban taɓa yi masa ba tun yana yaro. Ya yi kuka, ya yi addu'a, kwana uku yana azumi. Allah ya ga zuciyarsa. Abin da na zo nema wurinki guda ne, ki bar maganar nan ta mutu a gida."

"Ta Tela kuma a gaban mutum ɗari uku."

"Tata ta fito da kanta. Ciki ba ya ɓoyuwa."

"Ita kaɗai ta yi shi?"

"'Yata, saurara. Idan sunansa ya fito gobe, shugabancin mawaƙa ya tafi. Yaran nan arba'in da yake koya wa waƙa, me za su ɗauka? Iyayensu me za su ce? Ga mijin yarinyar, ranar da ya dawo ya ji ɗan cikin cocinsa ne, kin san abin da zai faru? 'Yan biyunki za su tashi ana nuna su da baki. Ke kanki, matan nan da kike gani suna gaishe ki, tausayinsu ya fi zagi ciwo. Wa zai amfana?"

Malama ta ɗauki wani kofi, ta ɗaga shi a hasken taga, ta ga tabo, ta mayar cikin ruwa.

"Ubangijinmu ya ce a yafe ba sau bakwai kawai ba," Baffa ya ci gaba. "Ƙauna tana rufe zunubai masu yawa. Abin da Allah ya haɗa kuma, ke kin san sauran."

"Na sani, Baffa. Ni nake koya wa yara a ajin Lahadi."

"To?"

"To wa ya raba? Ni? Ranar aurenmu da muka tsaya gaban bagaden coci aka ce mun zama jiki ɗaya, na ɗauka da gaske ake. Shi ya ɗauki jikin nan ya kai shagon ɗinki. Ba a tambaye ni ba."

Mai Waƙa ya sunkuyar da kai.

"Na roƙe ki gafara," ya ce.

"Ka roƙa. Ka iya roƙo. Shekara bakwai da suka wuce ka roƙa, lokacin yarinyar kantin magani. Ina da cikin 'yan biyu, na yi shiru. Shekara uku da suka wuce ka roƙa, lokacin wadda ke tura maka saƙo da sunan makanike. Na yi shiru. Baffa, ka san da waɗannan?"

Baffa ya kalli ɗansa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba saboda na iya rufi. Ƙaunata ta rufe zunubai har ta yage. Kuma duk ƙarshen wata ni nake wanke masa kofi, in goge, in cika, in ga ya ɗaga ya shanye, ya koma ya ja waƙa mata suna share hawaye."

"Mai haƙuri shi ke dafa dutse, 'yata."

"Na dafa, Baffa. Romon ma na sha. Ba ya ƙosarwa."

Ta ja wata kujerar katako ta zauna.

"Sarkin nan ma da ya rubuta waƙoƙin yabo," in ji Baffa, "ya ɗauki matar sojansa, Allah ya gafarta masa. Muna rera waƙoƙinsa har yau."

"Bayan annabi ya tsaya a gabansa ya nuna shi da yatsa. Bai aiki baffansa ya ce wa matar ta ce baƙo ne ba. Kuma da aka gafarta masa, gidansa bai sake zama lafiya ba har ya mutu. Wannan ɓangaren ba a cika yin wa'azi a kansa ba."

"Ilimi ya yi miki yawa."

"Haka kuka ce ranar da aka kawo ni."

Mai Waƙa ya matso, ya ajiye takardunsa a gefen tebur. Ta janye faranti don kada su taɓa shi.

"Me kike so in yi? Faɗa min. In bar waƙa? Zan bari. In ce murya ce ta samu matsala, in zauna wata shida a gida. Wannan ba horo ba ne?"

"Hutu ne."

"To me kike so?"

"Gobe idan an kira ta, ka tashi ka tsaya kusa da ita."

"Kin san ba zan iya ba."

"Ita za ta iya? Da ciki wata biyar?"

Ya shafa wuyansa, abin da yake yi ke nan idan mawaƙa suka ɓata masa baiti.

"Kin tsane ni ne kawai," ya ce.

"Da na tsane ka da na huta. Sai in zuba maka kofinka har baki, in zauna ina kallo. Kai ma ka sani, duk wata Fasto yana karanta mana kafin a raba, wanda ya ci ya sha alhali bai cancanta ba, hukunci yake ci wa kansa. Shekara shida ina ba ka hukunci a kofi da hannuna. Na gaji. Hannuna ya gaji."

Baffa ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Wannan karin maganarmu ne, Baffa. Ubangiji cewa ya yi idan hannun ne ke kai ka ga zunubi, a yanke."

"Saki kike nema ke nan."

"Ban ce ba. Amma ka fi ni sani, ƙofa ɗaya tak Ubangiji ya bari a buɗe a maganar rabuwa, ita ce wannan. Ɗanka ya buɗe min ita sau uku. Har yanzu ina tsaye a ciki. Kada wanda ya sake ce min ban san haƙuri ba."

Famfo na ɗiga a cikin roba. A waje wani yana jan benci, ana shara.

Baffa ya sassauta murya.

"Ubansa ya rasu yana shekara huɗu. A hannuna ya bar shi. Na yi masa alkawari sunan gidanmu ba zai faɗi ba ina raye. Shekarata arba'in da ɗaya ina dattijo a nan, ba a taɓa kiran ɗan gidanmu gaban jama'a ba. Ki bar ni in mutu a haka. Ni tsoho nake roƙonki. Ba abin da za ki yi ma, shiru kawai. Ki jera kofunanki ki tafi gida."

Wannan ya fi duk sauran yi mata nauyi. Shi ne ya zauna a bakin ɗakin haihuwa tun safe har yamma ranar da ta haifi 'yan biyu, lokacin da uban yaran yake wurin gwajin waƙa. Shi ya tsaya mata da dangi suka ce ta bar koyarwa. Ta dubi hannayensa a kan sanda, fata ta saki, jijiyoyi sun fito.

Shiru kawai. Abin da ta fi iyawa ke nan a duniya.

Ta tashi ta koma gaban tebur. Ta miƙa hannu cikin farantin da ake kai wa layin mawaƙa, ta zare kofi, ta kife shi kusa da na Tela. Sannan ta zare wani daga farantin mata, ta kife shi ma.

"Me kike yi?" in ji Mai Waƙa.

"Aikina."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka turo. Fasto ne, tabarau a goshi, littafin masu cin jibi a hammatarsa, kwalar wuyansa a kwance. Tun safe yake wurin jana'iza, ƙurar maƙabarta na kan takalminsa.

"A'a, taron dangi ake a ɗakin kofuna? Dattijo, barka da yamma. Mai Waƙa, na ji ku, waƙa ta biyun nan kuna gudu da ita kamar ana bin ku."

"Za mu gyara, Baba Fasto."

"Malama, zo mu daidaita lissafi in je in kwanta, bayana kamar ba nawa ba. Mama ta faɗa miki a rage ɗaya?"

"Ta faɗa."

Ya buɗe littafin a kan tebur, ya sauko da tabarau. Sai idonsa ya sauka a kan tawul.

"Uku nake gani a kife."

"Uku ne, Baba Fasto."

"Sun fashe ne?"

"Lafiyarsu ƙalau."

Fasto ya dube ta ta saman tabarau. Ya dubi Baffa, Baffa yana kallon sandarsa. Ya rufe littafin a hankali.

"To. Ɗaya na Tela."

"E."

"Na biyu?"

"Kofina ne."

"Ke? Malama, me ya faru?"

"Akwai wanda ban yafe wa ba. Na gwada, tun Laraba nake gwadawa, abin ya ƙi. Kai ka koya mana kada mu zo teburin Ubangiji da abu a ƙirji. Ba zan sha ƙarya ba. Idan akwai wuri a bencin baya, a bar min gefe, Tela za ta so mai riƙe mata jaka."

"Ba a sa mutum a horo don an ɓata masa rai, 'yata."

"Ban ce a sa ni ba. Zama kawai zan yi."

Fasto ya ja numfashi mai tsawo. Ya cire tabaran gaba ɗaya, ya murza idanunsa. Ya kai hannu baya ya tura ƙofar har ta rufu.

"Na ukun na wa?"

Malama ta juya ta kalli mijinta.

Ta ba shi lokaci. Ta ƙirga a ranta kamar yadda take ƙirga wa ɗalibi da ya san amsa yana tsoron faɗa. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ta ga leɓensa ya buɗe. Wani abu a ƙirjinta, wanda ta ɗauka ya mutu tun ranar Laraba, ya ɗaga kai yana jira. Kalma ɗaya. Da ya faɗe ta, da daga gobe ta zauna kusa da shi a bencin nan wata shida, ta ɗauko 'yan biyu daga gidan mamarta.

Sanda ta goga ƙasa. Baffa ya miƙe.

"Kofina ne, Fasto."

Fasto ya juya.

"Dattijo?"

"Ni na karɓi bayanin yarinyar nan ni kaɗai, ba a ka'ida ba. Ban bincika yadda ya kamata ba. Surukata ta ga kuskurena, ta yi min magana, kuma ta yi gaskiya. Ka cire ni daga dattawa, ka karanta sunana gobe. Tsufa ne. Maganar ta tsaya a kaina."

Shekara arba'in da ɗaya ya ɗauka ya ajiye a kan tebur, tsakanin roba da tawul, don kada a tambayi ɗan ɗan'uwansa komai.

Malama ba Baffa take kallo ba. Mijinta take kallo.

Leɓen da ya buɗe ya rufe. Kafaɗunsa suka sauka. Ya saki ajiyar zuciya, siririya, ta hanci, wadda ba wanda zai ji sai wadda ta shekara tara tana kwana kusa da numfashinsa.

Ya miƙa hannu zai ɗauki takardun waƙarsa.

"Malama," in ji Fasto, "haka ne? Na Dattijo ne?"

"Tunda ya ce nasa ne, nasa ne, Baba Fasto. Ba na ƙaryata babba."

Ta goge hannunta a jikin zanenta. Ta jawo farantin mawaƙa gabanta, ta sa yatsa biyu ta zare kofin da ke ramin farko, ta kife shi a ƙarshen layi.

"Sun zama huɗu ke nan."